Yadda na je bikin Felabration daga Kano, da abin da ya same ni a ƙofa

Na fara jin kiɗan Fela Anikulapo Kuti ne a shagon ɗinkin mahaifina da ke Fagge, tun ina ɗan firamare, daga wata tsohuwar rikoda da ake ɗaure murfinta da ƙyalle. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi zaman Legas shekara shida yana saurayi, ya dawo da keken ɗinki da kwali guda na kaset, kuma duk lokacin da ƙahonnin nan suka tashi sai ya ɗage ƙafa daga kan keken ya ce da ni, wanda bai tsaya a gaban waɗannan makaɗa ba bai san kiɗan ba tukuna. Fela ya mutu ranar 2 ga Agustan 1997, saboda haka ganinsa ya riga ya wuce ni, amma burin in ji kiɗan gidansa daga hannun 'ya'yansa bai taɓa barina ba. Sai a watan Oktoban 2023 Allah ya nufa na je, kuma na sha ruɗani a wuraren da ko kaɗan ban yi zato ba. Zan faɗi yadda abin ya gudana daki-daki, domin duk wanda zai taso daga Arewa da irin niyyata ya san inda wahalar take.

Bikin Felabration 'yarsa Yeni ce ta kafa shi a 1998, ana yin sa mako guda a kowace shekara daidai lokacin ranar haihuwarsa, 15 ga Oktoba, domin a ranar aka haife shi a Abeokuta a 1938. Ana haɗa shi da muhawarar 'yan makaranta da taron ƙara wa juna sani da gasar zane da ta rawa, amma zuciyar bikin ita ce kiɗan dare a New Afrika Shrine da ke Agidingbi a Ikeja. Ruɗanina na farko a kan tikiti ya kasance. Na ɗauka cewa taro mai irin wannan suna dole sai an sayi tikitinsa tun da wata guda, don haka na kwana uku ina bincike a intanet, har na faɗa hannun wani a Facebook da ya ce yana da tikitin mako gaba ɗaya a kan naira 15,000, in tura masa kuɗin ya turo mini hotonsa. Abin da ya cece ni shi ne na kira ɗan kawuna da ke Agege kafin in tura. Ya ce kada in kuskura, domin an san bikin da shiga kyauta ko da kuɗi kaɗan a bakin ƙofa, in ban da wurin zama na musamman, kuma tsarin yakan sauya daga shekara zuwa shekara, don haka maganar masu shirya bikin a shafukansu ce kawai abin dogaro. Ya ƙara da cewa jerin waɗanda za su yi wasa a kowane dare yakan fito ne dab da lokacin, saboda haka kada in jira shi kafin in nemi hutu a wurin aiki.

Kafin maganar mota akwai maganar gida, kuma ba na so in tsallake ta domin na san za ta taso wa duk wani Bahaushe Musulmi. Sunan wurin kansa yana tayar da hankali, tun da kalmar Shrine a Turanci wurin bauta take nufi, kuma rayuwar Fela ba ɓoyayya ba ce: ya auri mata 27 a rana ɗaya a 1978, yana shan wiwi a bainar jama'a, ya kuma soki malaman addini na Musulunci da na Kirista a waƙoƙinsa. Ban yarda da waɗannan ba, ban kuma ɓoye wa mahaifiyata komai ba. Na gaya mata cewa abin da yake kai ni shi ne kiɗan, da kuma ƙarfin halin mutumin da ya tsaya ya faɗa wa gwamnatocin soja gaskiya aka yi ta dukansa ana ɗaure shi. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce in kira ƙanenta da ke Agege, idan ya amince ita ma ta amince. Da na kira shi na ce, "Kawu, ina neman masauki na kwana biyar, gidan Fela nake so in je," sai ya ce, "To, ai ubanka ma ya je tsohon wurin, ni na raka shi. Ka zo. Amma ba za ka taka can kai kaɗai ba, kuma duk daren da kuka kai, sallar asuba ba ta wuce ku." Da wannan sharaɗi na ɗauki hutun mako guda.

Ranar Laraba 11 ga wata na je tashar manyan bas da ke Sabon Gari tun da hantsi. An cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun shekarar, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, kuɗin jirgin sama kuwa ya ninka na bas kusan sau huɗu, don haka ban ma tsaya shawara ba. Tun daga bakin titi 'yan kamasho suka yi mini ca, kowa yana jan jakata yana cewa motarsa ce za ta fara tashi. Na riƙe jakata na wuce kai tsaye zuwa tagar sayar da tikiti, na biya naira 22,000, aka rubuta sunana da lambar wayata da ta wani ɗan'uwa a takardar fasinjoji, aka ba ni rasit mai lambar kujera. An ce mini ƙarfe huɗu na yamma za mu tashi. Na dawo ƙarfe uku da rabi, amma sai da aka gama ɗora buhuna da kwalaye, aka caje kowane fasinja, aka ɗauki hoton fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, sannan muka bar Kano bayan magariba. Katin shaidar ɗan ƙasa yana aljihun gaban rigata, kuma na gode Allah da na sa shi a nan, domin sau biyu aka nemi ganinsa a shingayen hanya.

Tafiyar ba ta da wani labari sai gajiya. Mun bi ta Zariya da Kaduna da Abuja cikin dare, gari ya waye mana bayan Lokoja, muka ratsa Okene da Akure da Ibadan, ina ƙasaru ina haɗa salloli a duk inda direba ya tsaya. Abu ɗaya da ya amfane ni shi ne shawarar ɗan kawuna cewa in sauka a Berger, wato mashigin Legas ga wanda ya fito daga Ibadan, kada in bari motar ta kai ni can cikin gari, domin daga Berger zuwa Agege tafiya ce kaɗan ta Ogba, amma wanda ya wuce sai ya sake yin awa biyu a cunkoso kafin ya dawo baya. Wajen ƙarfe uku na yammacin Alhamis na sauka, ƙafafuna sun kumbura, na tarar da shi yana jirana. Agege kuwa ga Bahaushe kamar gida ce. Akwai zangon Hausawa mai dogon tarihi da sarkinsa, ga masallatai, ga masu goro da mahauta da masu shayi, har na ci tuwo da miyar kuka a daren nan kamar ban bar Kano ba. Wanda ba shi da ɗan'uwa a can ma zai iya samun ɗakin haya mai sauƙi, kuma kusancinta da Ikeja ya sa ta fi dacewa da wannan tafiya fiye da unguwannin tsibiri.

Ranar Juma'a bayan mun sauko daga masallaci muka je gidan tarihin Kalakuta da ke titin Gbemisola a Ikeja. Gidan da Fela ya zauna ne a ƙarshen rayuwarsa, aka mayar da shi gidan tarihi a 2012, kuma kabarinsa yana nan a farfajiyar gaba, da ka shigo za ka gan shi. Kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba. Wani matashi ya zaga da mu hawa-hawa, ya nuna mana rigunansa masu ado da jerin takalmansa da ƙahonninsa, da ɗakin kwanansa da aka bari yadda yake, da hotunan iyali da yankakkun jaridu a jikin bango. A gaban jaridun na fi daɗewa. A watan Fabrairun 1977 sojoji kusan dubu suka afka wa gidansa na farko da ke kan titin Agege Motor Road suka ƙona shi, aka jefo mahaifiyarsa Funmilayo Ransome-Kuti ta taga daga bene, ta mutu a watan Afrilun 1978. Na daɗe da sanin labarin, amma ganin hoton tsohuwar da tabaranta a bangon gidan ɗanta ya sa jikina ya yi sanyi. Ina ba duk mai zuwa shawara ya fara da nan, domin wanda ya ga gidan zai saurari kiɗan da wani kunne dabam.

Daga nan muka wuce mu ga wurin wasan da rana, don mu san hanya. A nan ma akwai abin da ke rikita baƙo. Tsohon wurin da mahaifina ya sani yana titin Pepple ne, a yankin da yanzu kasuwar wayoyi da kwamfuta ta mamaye, kuma babu shi a yau. Na yanzu 'ya'yan Fela, Femi da Yeni, ne suka gina shi aka buɗe a 2000, yana kan titin NERDC a Agidingbi, ba nisa da sakatariyar gwamnatin jiha da ke Alausa. Babban zaure ne mai rufin kwano, kamar katafaren sito, gefensa a buɗe don iska, kuma shi ne wurin da shugaban Faransa Emmanuel Macron ya ziyarta a watan Yulin 2018. A bakin titi muka sami wani mai tsire, mutumin Sakkwato, yana jera tsinke tun kafin la'asar. Muka gaisa, na gaya masa daga inda na fito. Ya ce, "Malam, in dai ciki kake son shiga a daren Asabar ko Lahadi, to rana ta faɗi kana ciki. Wanda ya zo bayan isha'i a titi zai ji kiɗansa." Na ji maganar, amma na auna ta da abin da na sani, cewa manyan mawaƙa ba sa hawa dandamali sai dare ya raba, na ga babu dalilin da zai sa in je in zauna awa bakwai ina jira. Wannan lissafi shi ne kuskurena mafi girma a duk tafiyar.

Daren Asabar muka bar Agege wajen ƙarfe tara. Muka shiga danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, daga Pen Cinema zuwa Ogba, daga nan muka sami wata zuwa Agidingbi, amma tun da sauran tafiya mai yawa direban ya ce kowa ya sauka domin hanya ta toshe. Babu acaɓa da za a hau, tun da gwamnatin Legas ta hana su aiki a Ikeja da wasu ƙananan hukumomi tun watan Yunin 2022, dokar da ta raba 'yan Arewa da yawa da sana'arsu. Muka taka da ƙafa. Da muka shiga titin sai na ga abin da mai tsire yake nufi. Mutane ne maƙil daga wannan bango zuwa wancan, ga masu sayar da abinci da giya da riguna, ga lasifikoki kowanne da nasa kiɗan, ga hayaƙi ya tokare sama. Layin shiga ya riga ya narke ya zama turereniya, masu gadi suna buɗe ƙofa su shigar da mutum kaɗan su sake rufewa, kuma ban ga laifinsu ba, domin zauren yana da iyakar abin da zai ɗauka. Mun yi fiye da awa ɗaya a cikin matsin nan. Akwai lokacin da na ji ƙafafuna sun bar ƙasa, jama'a ce kawai take tafiya da ni, ƙirjina ya matse har numfashi yana yi mini wuya. A lokacin na tuna cewa a watan Disambar 2022 mutum biyu sun mutu a irin wannan turereniya a ƙofar wani zauren kiɗa da ke Brixton a Landan. Na kama hannun ɗan kawuna na ce mu fita gefe.

Muna tsaye a gefen muna mayar da numfashi sai wani mutum ya matso, da wani kati rataye a wuyansa, ya ce shi ma'aikaci ne, akwai ƙofar baya, naira 5,000 mu biyu. Ɗan kawuna ya girgiza kai, amma ni zuciyata ta riga ta karye da tunanin tafiyar awa ashirin da na yi, na zaro kuɗin na ba shi. Ya ja mu ta wani lungu, ya ce mu tsaya zai kira mai makulli, ya shige cikin jama'a, har yau. Ba kuɗin ne ya fi ƙona mini rai ba, sai yadda na bari ɗoki ya rufe mini ido alhali an riga an gargaɗe ni. Mun ƙara kusan awa guda muna jin amon kiɗan daga waje, ganguna suna zuwa amma ba a rarrabe komai, sannan muka haƙura. Komawa gida ta zama wata wahalar. Danfo sun yi ƙaranci, motocin da ake kira ta manhajar waya sun ninka kuɗi, sai da muka yi tafiya mai nisa da ƙafa zuwa inda hanya ta buɗe sannan muka sami wadda ta kai mu Agege a kan naira 6,500. Kawu yana zaune a ƙofar gida bai kwanta ba. Bai yi mini faɗa ba, ya ce kawai, "Gobe ka bi maganar mutanen wurin."

Ranar Lahadi 15 ga wata, ranar rufe biki, na yi barci har azahar, na ci abinci mai nauyi, na sake shiri gaba ɗaya. Na ajiye doguwar riga da hula na sa ƙaramar riga mai sauƙi da wando mai aljihun gaba, na cire silifa na ɗaura takalmi rufaffe, domin a daren jiya an tattaka mini yatsu har ɗaya ya fashe. Na bar jakar kuɗi da katin banki a gida, na ɗauki katin shaida da tsabar kuɗi ƙanana na raba su aljihu biyu, na cika wayata da caji, na kuma rubuta lambar Kawu da ta ɗansa a takarda saboda ko wayar ta ɓace. Muka tsayar da magana cewa idan muka rabu, wurin mai tsiren nan ne mahaɗarmu. Ƙarfe biyar muka isa Alausa, muka jira magariba a babban masallacin sakatariya, ni na haɗa da isha'i a matsayina na matafiyi, muka taka zuwa Agidingbi. Titin da jiya ya gagara shiga, yau ana tafiya a sake. Layi na gaske ne, mutum bayan mutum, bai fi minti ashirin ba muka kai ƙofa. Aka shafa jikinmu, aka duba aljihu, muka shiga. Abin da ya gagare ni jiya da ƙarfi da kuɗi, yau na same shi da zuwa da wuri kawai.

Ciki ya fi yadda na zata girma. Dandamali yana can ƙurya, ga kujerun roba da tebura a wani sashe, ga hotunan jagororin baƙar fata irin su Kwame Nkrumah da Patrice Lumumba da Thomas Sankara da Malcolm X, ga wasu 'yan dakali masu tsayi a gefe inda masu rawa suke hawa. Dole in faɗi gaskiya a kan hayaƙi, domin kowa ya san wurin da shi: ana shan taba da wiwi da giya a fili, kuma wanda yake da asma ko ciwon ƙirji ya yi tunani sosai kafin ya zo. Babu wanda ya tilasta mini komai, wanda ya miƙo mini abu na ce na gode sai ya wuce. Mun zaɓi tsayawa a gefen zauren inda iska take shigowa, kusa da wani ginshiƙi, inda muke ganin dandamali da kyau kuma muna ganin hanyar fita. Da farko na matsa gaba kusa da lasifika, amma cikin minti goma na ji kunnena yana zafi, na dawo na toshe shi da 'yar audugar da matar Kawu ta sa mini a aljihu. Na sayi ruwan gora biyu tun da wuri, ina kurɓa kaɗan-kaɗan, domin zuwa bayi bayan wuri ya cika yana nufin rasa wurin tsayuwarka.

Daga nan sai jira, kuma jiran yana da tsawo. Masu tasowa ne suke fara hawa, kowa a ba shi 'yan mintoci, wasu da makaɗansu, da yawa kuma sai dai a sakar musu kiɗan da aka riga aka naɗa su bi da baki. A nan na ga bambancin Afrobeat na gidan Fela, wanda shi da makaɗin ganga Tony Allen suka gina a kan makaɗa masu yawa da ƙahonni da doguwar waƙa, da kuma kiɗan zamani da matasa ke kira da suna mai kama da shi. Ba na raina na zamanin, wasu daga cikin yaran suna da murya ƙwarai, kuma jama'ar wurin ba sa ɓoye ra'ayinsu, wanda ya burge su su ɗauke shi da sowa, wanda bai yi ba su nuna masa nan take. Wajen ƙarfe goma zauren ya cika har ba wurin jefa allura, zufa tana ɗiga daga jikin kowa, aka kuma yi wani ɗan ruwa da ya yi ta buga kwanon rufin. Ƙafafuna suka fara ciwo, barci ya fara fizgata, har na tambayi kaina ko wannan abu ya cancanci barin iyali da kashe albashi. Wani dattijo Bayarabe da ke kusa da mu, da ya ji muna Hausa, ya matsa mini gefen kujerarsa ya ce in ɗan zauna, ya gaya mana cikin Hausarsa ta zaman Jos cewa tun zamanin tsohon wurin yake zuwa.

Bayan dare ya raba sosai sai na ga ana sake jera kaya a dandamali, makaɗa sanye da kaya iri ɗaya suna hawa ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyar Femi Kuti ce, Positive Force. Mai ganga ya fara, jita mai kauri ta shigo ƙarƙashinsa, aka yi ta juya ɗan gajeren salo guda ba a gaggawa, har sai da na ji ƙafata tana bi ba da sanina ba. Sannan masu ƙaho suka ɗaga su a lokaci ɗaya suka busa. Na sha jin wannan sauti a rikoda da waya shekara talatin, amma ban taɓa sanin cewa a ƙirji ake jin sa ba. Ya doke ni a ƙashin haƙarƙari kamar an bankaɗo ƙofa. Femi ya fito, mutum mai shekara 61 a lokacin, siriri, furfura ta fito, ya yi kiran nan nasa na "Arararara", dubban mutane suka amsa da "Orororo" har kwanon rufi ya yi amo. Yana waƙa, ya koma kan piyano, ya ɗauki saksofon, masu rawa da duwatsu a ƙugu da zane a fuska suna karkaɗa jiki daidai da kowane bugu. Daga inda nake ina ganin jijiyoyin wuyansa da kumatunsa suna cika suna saki lokacin da ya riƙe sauti ɗaya ya ƙi saukewa, yana shaƙar iska ta hanci yana busawa ta baki a lokaci guda, dabarar da ya taɓa riƙe sauti da ita fiye da minti 50 a 2017. Masu busa algaita a fadojinmu ma da irin wannan numfashi suke aiki, kuma ganin haka ya sa na ji kiɗan ya ƙara kusanto ni.

Tsakanin waƙa da waƙa yakan tsaya ya yi magana da Turancin buroka a kan halin da ƙasa take ciki, abin da mutanen wurin suke kira yabis tun zamanin mahaifinsa, jama'a suna amsawa kamar ana hira a dandali. Na ɗaga waya na ɗauki bidiyo na minti ɗaya, na duba na ga hayaniya ce kawai da haske, sai na mayar da ita aljihu ban sake fito da ita ba. Da ƙahonnin suka sake tashi a wata waƙa sai hoton mahaifina ya zo mini, ƙafarsa a ɗage daga kan keke, almakashi a hannu, kansa a sunkuye yana saurare. Hawaye suka zubo mini, ban kuma yi ƙoƙarin ɓoye su ba. Dattijon nan ya dafa kafaɗata bai ce komai ba.

Ba mu jira an tashi ba. Wajen ƙarfe huɗu da rabi ɗan kawuna ya taɓa ni, muka bi gefen bango muka fita tun kafin jama'a su ɗungumo, domin fita tare da kowa wata turereniyar ce, kuma a irin lokacin 'yan sane suka fi aiki a titi. Mai tsire yana kwashe kayansa, ya tambaye ni ko na shiga, na ce na shiga, ya ce madalla. A wannan karon mun riga mun yi magana da wani direban tasi ɗan unguwar Kawu tun da rana, muka kira shi ya same mu a inda muka yi alkawari, nesa kaɗan da cunkoson. Muka isa Agege ana kiran salla. Na yi wanka na sauya kaya saboda warin hayaƙi ya kama su, na bi Kawu masallaci, sannan na kwanta har la'asar. Kunnena ya yi kwana biyu yana ƙara duk da audugar.

Da na zauna na yi lissafi, tafiyar ta ci mini kusan naira 85,000. Bas zuwa da dawowa 46,000, domin na dawowa ya kai 24,000. Zirga-zirgar cikin gari 14,000, kusan rabinta a daren Asabar kaɗai. Abinci da ruwa da kuɗin ƙofofi 12,000. Tsarabar kilishi da dabino da na kai gidan Kawu 8,000. Sai 5,000 da ɗan damfara ya tafi da ita. Wanda zai kama ɗaki sai ya ƙara kuɗin kwana huɗu ko biyar a kai. Abin lura shi ne shiga wurin wasan shi ne mafi arha a cikin jerin, alhali a kansa na fi ɓata tunani tun ina Kano. Da na san haka, da lokacin da na kashe ina neman tikiti a intanet na kashe shi wajen neman direban da zai ɗauko mu da asuba da kuma tambayar mutanen wurin ƙarfe nawa ƙofa take cushewa.

Idan Allah ya sake kai ni, zan isa Legas tun farkon makon, in fara da daren Talata ko Laraba lokacin da jama'a ba su kai na ƙarshen mako ba, in san zauren da ƙofofinsa kafin babban dare. Ba zan ba kowa kuɗi a titi ba komai katin da ya rataya, kuma da zarar na ji matsi ya kai inda ba na iya ɗaga hannuna zuwa ƙirji, zan bi gefe in fita ko da ina dab da ƙofa. Mace da take son zuwa ta zo cikin ayari na mutanen da ta yarda da su, yara kuwa a kai su gidan tarihin da shirye-shiryen rana, a bar musu dare. Wanda kuma ba zai iya jure cunkoson biki ba yana da wata hanyar: a sauran makonnin shekara Femi yakan yi wasa a zauren nan ranar Lahadi idan yana gari, ranar Alhamis kuma a yi gwaji, kuma dattijon da ya ba ni kujera ya ce a irin waɗannan ranaku mutum yakan sami tebur ya zauna ya ji kowane ƙaho dabam. Sai dai a tabbatar yana Legas kafin a sayi tikitin bas, domin yakan yi makonni yana zagayen wasa a ƙasashen waje.